Binciken muhalli ta fuskar jama'a da mulki: akwai abin yi a jami'a kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirina na farko a fannin labarin ƙasa, na kuma gama bautar ƙasa. Tun ina aji uku, abin da ya fi jan hankalina shi ne rigingimun da ke tattare da ƙasa da ruwa: wa ke da iko da fadama, me ya sa ake cinye burtali, me ya sa ake dashen itatuwa kowace shekara amma ba a ganin daji. Ina sha'awar zama malamar jami'a mai bincike a kan irin waɗannan. To amma a gida ana ce min harkar muhalli ta injiniyoyi ce da 'yan kimiyya, wannan da nake so surutu ne kawai. Shin fanni ne na gaske? Ta ina zan fara, kuma mutum zai iya riƙe kansa da shi?" Daga wata mai karatu a Haɗeja.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. In na fahimce ki, kina son ki tabbatar cewa abin da ranki ya kwanta da shi ilimi ne mai tushe, a nuna miki ƙofar shiga, sannan a faɗa miki gaskiya game da abin sawa a bakin salati. Na daɗe ina koyarwa da bincike a wannan fanni, kuma maganar da aka faɗa miki a gida ni ma na sha jin ta daga bakin abokan aiki. Da ita zan fara, domin idan ba ki samu amsarta a zuciyarki ba, wahalar da ke gaba za ta karya miki gwiwa.

Kogin da ya ratsa ƙasarku

Tunda daga Haɗeja kike, ba sai mun je nesa ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin a gina su, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadamu har zuwa Nguru da Gashuwa, da rani ya ja baya, wasu rassansa su ƙafe ƙaf. A kan wannan zuwa da komawa jama'a suka tsara rayuwarsu. Manomi ya shuka shinkafa a kan ambaliya, ruwa na janyewa ya bi danshi da wata shukar, masunci ya kama kifi a tafkunan da suka rage, Bafulatani ya sauko da shanu cin ɗanyar ciyawa. Da aka tare ruwan a sama aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ambaliyar ta ragu, rassan kuma suka daina bushewa. Ciyawar kacalla, mai son ruwan da ba ya ƙafewa, ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta reshen kogi na Marma ya cinye gonaki a wajen Nguru, garuruwan da ke kan wasu tsofaffin rassan suka rasa shi, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu wurin kwana kusa da hatsin mutane.

Injiniya zai faɗa miki yawan ruwan da ake saki daga Tiga kowane wata, masanin tsirrai ya bayyana miki yadda kacalla ke yaɗuwa. Duka muna buƙatarsu, kuma ba na yarda ɗalibina ya raina aikinsu. Amma wa ke yanke ranar da za a buɗe ƙofofin dam? Idan buƙatar ruwan sha na birnin Kano da ta masu noman rani a Kura da Kadawa ta ci karo da ta mai shinkafa a Guri, muryar wa ke isa ofishin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are? Me ke sa mutanen ƙauye su tashi su haƙa tasu hanyar ruwan, alhali sun san maƙwabtansu na ƙasa za su rasa? A farkon shekarun 1990 wasu masana, ciki har da Edward Barbier, sun yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadamar Haɗeja da Nguru, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen wuta, ya fi amfanin da yake bayarwa idan aka tare shi don manyan ayyukan ban ruwa a sama. Lissafin ya yi suna a duniya, amma rabon ruwan bai bi shi ba. Abin da ya hana shi bi, shi ne aikinmu.

Wanda kuma ya ce surutu ne, a tuna masa Bakolori. An gina dam ɗin kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki ba tare da diyya mai gamsarwa ba suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Ginin bai tsage ba. Yadda aka yi da mutane ne ya lalace.

Fannin yana da manyansa da muhawararsa. A 1968 wani masanin halittu Ba'amurke, Garrett Hardin, ya rubuta maƙalar da ta yi tasiri ƙwarai, inda ya ce duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, makiyaya ce ko tafki, ƙarshensa lalacewa, domin kowa zai ɗebi iya ƙarfinsa. Mafita a wurinsa, gwamnati ta karɓe ko a mallaka wa ɗaiɗaikun mutane. Elinor Ostrom, masaniyar kimiyyar siyasa a Jami'ar Indiana, ta tattara shaidu daga makiyayan tsaunukan Suwizalan, dazuzzukan ƙauyukan Japan, da masu ban ruwa a Sifen da Filifin, ta nuna cewa al'ummomi da yawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiyar da irin wannan dukiya ba ta lalace ba, matuƙar an san iyaka, an san masu haƙƙi, da hannunsu a tsara doka, akwai mai sa ido, hukunci kuma yana hawa daki-daki. A 2009 aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki, ita ce mace ta farko da ta samu. Duk wanda ya taso a garin da Sarkin Ruwa ke hana kamun kifi a wani gurbi sai ranar da aka buɗe, ya san abin da take nufi tun kafin ya karanta ta.

A ƙasarmu ma an yi irin wannan kokawar. A shekarun 1930 wani Baturen daji mai suna Stebbing ya zagaya arewa ya shelanta cewa Sahara na tahowa da gudu saboda ɓarnar manoma da makiyaya. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai tarar da abin kamar yadda ya faɗa ba, amma maganar ta zauna daram a bakin hukumomi. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana komawa ƙauyukan kewayen Kano da kuma ƙauyen Dagaceri a Jigawa, ya nuna cewa a inda mutane suka fi cunkoso ƙasar ba ta mutu ba, domin manomi yana kai taki a kan jaki, yana tara harawa, yana kula da kowace bishiyar gonarsa. A Maraɗi da Damagaram kuma, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi. An ƙiyasta gonakin da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya sun kai hekta miliyan 5. Dabarar kanta mai sauƙi ce. Abin da ya ba ta ƙafa shi ne tsoron malamin daji ya ragu, manomi ya fara jin cewa gawon da ya rena a gonarsa nasa ne, ba za a ci shi tara ba idan ya sare reshe, daga baya a Nijar ɗin dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara masa ƙarfi. Ga amsar tambayarki ta dashen itatuwa nan: bishiyar da ba a san mai ita ba, akuya ce ke gadonta. Kada ki ɗauka ina musun gurgusowar yashi. Wanda ya je Yusufari ya ga tuddan yashi suna binne gona ba zai musa ba. Ina cewa ne a daina ɗora laifin a kan talaka kafin a bincika.

Ƙofar shiga

Da wuya ki samu sashe mai ɗauke da sunan wannan fanni daidai a jami'o'inmu. Masu yin sa suna warwatse a labarin ƙasa, kula da muhalli, nazarin zamantakewa, kimiyyar siyasa, da tattalin arzikin noma. A Jami'ar Bayero akwai Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da aka kafa a 2012, tana ba da digiri na biyu da na uku a kan sarrafa albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. Shirin WASCAL na bincike da horo a kan sauyin yanayi, wanda Jamus ke ɗaukar nauyi, yana da cibiyoyi a jami'o'in Afirka ta Yamma, ciki har da Minna da Yamai. Amma shawarata, ki nemi malami kafin ki nemi sashe. Ki karanta abin da ya rubuta a 'yan shekarun nan, ki ga ko yana zuwa ƙauye da kansa. Ki tambayi tsofaffin ɗalibansa a sirrance: yana karanta babin da aka kai masa, ko sai ya yi wata shida a bayan mota? Ɗalibansa suna gamawa? Mai duba aiki nagari a ƙaramar jami'a ya fi babban suna wanda ba ya ganuwa.

Digirinki na labarin ƙasa ya ba ki rabin kayan aiki. Kin san taswira, kin san yanayi da ƙasa. Ki ƙarfafa wannan: ki koyi manhajar taswira ta QGIS da manhajar ƙididdiga ta R, dukansu kyauta ne, kuma hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat tun daga 1972 an sake su ga kowa kyauta tun 2008, don haka da kwamfutarki za ki iya ganin yadda wata fadama ko gandun daji ya sauya cikin shekara hamsin. Rabin da ya rage shi ne karatun al'umma da iko, kuma shi ne ɗaliban labarin ƙasa suka fi gudu. Sai kin san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, da dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, da hukuncin gado a Musulunci, da yadda aro da jingina da haya ke gudana a ƙauye, domin gona ɗaya takan zauna a ƙarƙashin waɗannan duka a lokaci guda. Ki saba da ɗakin adana tarihi na ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa. Fayilolin gandun daji na zamanin En'e suna ɗauke da asalin rigingimun da ake yi yau. Ki kuma koyi Faransanci ko da na karatu ne. Bincike mai yawa a kan tafkin Cadi da kiwo a Sahel da shi aka rubuta, kuma a Yamai akwai cibiyar LASDEL, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan yana cikin waɗanda suka kafa ta a 2001. Sun ƙware wajen nazarin tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ma'aikaci ke yi a zahiri, wanda shi ma yana da nasa ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Da wannan idon za ki fahimci shingen malamin daji a kan hanyar masu itace.

Yanzu bari in tsaya a kan cutar da ta fi kashe ɗalibanmu. Kundi bayan kundi, take ɗaya ne: ra'ayin manoma game da sauyin yanayi a ƙaramar hukuma kaza. A buga takardar tambayoyi, a raba wa yara su cike, a fito da kashi kaza cikin ɗari sun ce ruwan sama ya ragu, a ba da shawarar gwamnati ta wayar da kan jama'a. An samu digiri, amma ba a gano komai ba. Manomin da ya ga baƙo da takarda da biro yakan zaci rajistar tallafi ce, sai ya ba da amsar da yake ganin za ta sa sunansa ya shiga. Ƙididdiga tana da amfani ƙwarai, ni ma ina aiki da ita, amma bayan an san abin da ya kamata a ƙidaya.

A wani ƙauye da na yi aiki, mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi, na tambaya game da burtali. Baki ɗaya suka ce lafiya lau, yana nan yadda kakanni suka bar shi. Bayan an saba, wani tsoho ya ce in raka shi duba gonarsa, muka bi ta burtalin. Yana tafe bai ce komai ba, sai ya tsaya ya nuna min da sandarsa wani layin aguwa, tsofaffi masu kauri, a tsakiyar gonar gero, nesa da inda shinge yake yanzu. Nan ce tsohuwar iyaka. Abin da ya rage na hanyar bai fi shanu biyu su jera ba. Na tambayi mai gonar, ya faɗi sunan da ya sa na gane dalilin shirun da aka yi a ƙofar mai unguwa. Daga baya tsofaffin hotunan sama suka tabbatar da faɗin hanyar na da. Hoton ya nuna an ci burtali, tsohon ya nuna wanda ya ci da abin da ya sa aka ƙyale shi. Irin wannan ba ya samuwa a zuwa ɗaya. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su zaɓi wuri ɗaya da tambaya ɗaya su riƙe, su yi ta komawa damina da rani har mutane su daina yi musu kallon baƙi. Sunan Mortimore a kan haka ya ginu.

Kasancewarki mace kuma babbar dama ce a nan. Ni iyakata zaure. Ke za ki shiga cikin gida, inda ake sanin nisan da ake tafiya neman itace, da wa ke da ikon kalwar ɗorawa ko ganyen kuka a gonar da ba tata ba, da abin da ke samun gonar mace idan mijinta ya rasu. Ki tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A cikin gidaje ake daka dutsen zinariyar ana niƙa shi, inda yara ke rarrafe. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, ƙasa tana hannun gwamna, ƙauye yana hannun sarakuna, tsakar gida kuwa babu hukumar da ke leƙa ta. Muna da ƙarancin mata masu binciken da za su iya zama a wannan tsakar gidan su saurara.

Sai dai ki riƙe amana. A yankunan da ake fama da 'yan bindiga, wanda aka gani yana doguwar hira da baƙo ana iya kiransa infoma, kuma kin san abin da ke biyo baya. Ki bayyana wa mutum ko ke wace ce da abin da za ki yi da maganarsa, ki nemi yardarsa kafin ki kunna rikoda, ki ɓoye sunansa, wani lokaci har sunan ƙauyen. Inda babu tsaro kada ki je, kuma kada ki tura wani yaro a madadinki. Babu kundin da ya kai ran mutum.

Digirin digirgir, muƙami da wallafa

Ba a zama cikakken malamin jami'a yanzu ba tare da digiri na uku ba. A gida ko a waje? A waje za ki samu ɗakin karatu, da horon dabarun bincike mai tsauri, da abokan aiki na duniya, kuma ana gamawa a kan lokaci. Tallafin Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus suna nan, gasar tana da zafi, kuma abin da ke cin ta shi ne tsararren ƙudirin bincike mai tambaya guda a fili. A gida za ki kasance kusa da filin aikinki da iyalinki, amma za ki sha jira, wani lokaci yajin aiki ya cinye miki shekara. Wanda na fi so wa ɗalibaina shi ne tsarin raba ƙafa, a yi rajista a gida a je waje na wasu watanni, ko a yi rajista a waje a yi aikin fili a gida. Tallafin TETFund na ƙaro karatu kuwa na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, don haka samun gurbi, ko da a kwalejin ilimi ko jami'ar jiha, yana buɗe ƙofofi. Ba zan ɓoye miki ba, guraben kaɗan ne, kuma cancanta kaɗai ba kullum take wadatarwa ba. Sakamako mai kyau da malamin da ya san aikinki su ne abin da ke hannunki.

Matakan sanannu ne: mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, galibi da aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki, manyan biyun kuma sai an aika ayyukanki ga masu tantancewa na waje. A Nijar hukumar CAMES, ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci a kan ilimi mai zurfi, ita ce ke tantance ƙarin girma. Ko'ina dai maƙala ake ƙirgawa, kuma nan ne tarkon yake. Akwai mujallun da za su karɓi kuɗinki su buga miki cikin mako biyu ba wanda ya karanta. Suna cika takardar neman ƙarin girma, amma suna zubar da mutunci a idon duk wanda ya san aikin. Mujallu irin su World Development da Land Use Policy da Ecology and Society za su iya mayar miki da aiki da shafuka na gyara, ko su ƙi shi gaba ɗaya. Ki daure, a cikin wannan gyaran ake koyon sana'ar. Idan kuma kika shiga haɗin gwiwa da masu bincike na waje, ki yi maganar suna a kan maƙala da mallakar bayanai tun ranar farko. Na ga matasa da yawa sun sha rana suna tattara bayanai, aka sallame su da godiya a ƙasan shafi.

Batun abinci

Albashin malamin jami'ar gwamnati a Najeriya ba ya ɗaukar gida yadda ya kamata, musamman a matakan farko, kuma a 2022 an yi wata takwas ana yajin aiki aka riƙe albashi. Ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga makin jarrabawa, ga kwamitoci. Wanda ya shigo don kuɗi zai yi nadama.

Amma wannan fanni yana da kasuwa a wajen aji fiye da fannoni da yawa. Dokar 1992 ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su, kuma masu ba da bashi na duniya suna neman a duba tasirinsu a kan jama'a. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, mai dala miliyan 700, ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Akwai hukumar Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa a 2015, ga ƙungiyoyin agaji a yankin tafkin Cadi. Duk suna neman wanda ya iya magana da jama'a ya kuma iya rubuta rahoto. Aikin kwangilar bincike halal ne, yana biyan kuɗin makarantar yara, yana kuma nuna miki cikin hukumomi yadda ba za ki gani daga waje ba. Haɗarinsa shi ne yana cinye mutum a hankali. Mai ba da kwangila shi ke kawo tambayar, sau da yawa ya riga ya san amsar da yake so, wa'adin kuma gajere ne. Na san haziƙan abokai da suka wayi gari da rahotanni cike da kabad, babu ko ɗaya da za su iya kira nasu. Abin da nake yi shi ne karɓar wanda ya faɗo cikin yankin da nake bincike, in nemi izinin amfani da bayanan a rubuce, in kuma ƙi sa hannu a kan abin da ban gani ba, ko da hakan zai sa ba za a sake kirana ba.

Akwai iyakar da ya kamata ki sani tun yanzu. Bincike ba ya sauya manufar gwamnati da sauri, wani lokaci ba ya sauya ta sam, domin waɗanda ke cin moriyar tsarin da ake ciki sun fi ki kusa da masu yanke hukunci. Abin da na ga yana aiki shi ne ƙananan abubuwa: taswirar burtali da manoma da makiyaya suka amince da ita a gaban hakimi, ɗalibin da ya zama darakta a ma'aikata yana tuna abin da ya gani a ƙauye, bayani da Hausa a gidan rediyo wanda ya sa mutane suka san haƙƙinsu na diyya. Ki mayar wa mutanen da kika yi bincike a cikinsu abin da kika samo, da harshensu, ki ji gyaransu. Shawarwarin nan kuma daga jami'ar gwamnati a arewacin Najeriya na ɗebo su. Wanda zai zauna a Turai zai tarar da wata matsalar daban, ta kwangiloli masu gajeren wa'adi bayan digiri na uku. Batun aure da reno ma ki sa shi a lissafi da wuri, domin aikin fili yana buƙatar kwana a waje, kuma matan da na ga sun yi nisa su ne waɗanda suka yi wannan magana a fili da mazajensu da iyayensu tun kafin a fara.

Kafin ki sayi fom ɗin digiri na biyu, ki zaɓi wuri ɗaya da za ki iya zuwa da kuɗin motarki, inda ake jayayya a kan ruwa ko gona ko itace. Ki ziyarce shi, ki zauna da mata, ki gaisa da mai unguwa, ki saurari ɓangarorin duka. Sannan ki rubuta shafi biyu: abin da ke faruwa, abin da kowane ɓangare ke cewa, da abu ɗaya da ya ɗaure miki kai. Da wannan takardar za ki je wurin malamin da kike so ya duba aikinki. Idan ya karanta ya dawo miki da tambayoyi, ki nemi gurbi a wurinsa. Allah ya yi miki jagora.